Ustaz Rif'at da Kalmar da Ba Ɗigo

"Ba inda za ni, Rif'at! Kwashi mutanenka ku tafi, ni ina nan daram."

Muryar Tanti I'itimad, matar Ustaz Rif'at, ce ta ratso bangon da ya raba kicin ɗina da falonsu. Juma'a ce da hantsi, ina yanka tumatir a kan wake. A benenmu na unguwar Muharram Bek, a Iskandariya, bango bai taɓa riƙe sirrin kowa ba. Idan Ustaz Rif'at ya yi atishawa, daga kicin nake ce masa yarhamukallah.

"Wa ya ce ki tashi, Umm Hazim? Ga kujerarki, ga gadonki. Shafi ne kawai za mu bari."

"Shafi? Ɗana ne a ciki!"

"Ɗanki ba ya cikin waya."

"To yana ina? Faɗa mini mana, shehin malamai, tunda babu abin da ba ka sani ba. Yana ina?"

Sai ƙarar cokali a kofin shayi, ana ta juyawa, alhali sukarin ya daɗe da narkewa.

"A can ba sa barin mu rubuta harshenmu yadda yake," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ni Rif'at Abdul-Shafi, da furfurata, ina cire wa haruffa ɗigo da hannuna kamar mai fige kaza."

"Ai matsalar ke nan. Kai ɗigo kake nema, ni ɗana nake nema."

Na ajiye wuƙar. Tun ina 'yar shekara shida nake jin faɗan mutanen nan biyu, kan gishiri, kan taga, kan wa ya bar famfo a buɗe. Wannan ne na farko da ya ƙare ba Ustaz ne ya yi maganar ƙarshe ba.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran rubutu a wata jaridar yamma da ta riga ta mutu. Mahaifinsa kwandastan tiram ne, jirgin ƙasa na cikin gari, bai iya rubuta sunansa ba, kuma ina jin ɗan ya ɗauki alwashin rama masa a kan kowane harafi da ke cikin Iskandariya. Jan alƙalami ba ya barin aljihun rigarsa. Mai ruwan rake na bakin layinmu ya manta ɗigo biyu a harafin ƙarshe na allon shagonsa, Ustaz ya yi wata takwas bai sha ruwan rakensa ba, sai ranar da mutumin ya hau tsani da gwangwanin fenti yana zagi. Wasiƙar farko da Tanti I'itimad ta aika masa lokacin neman aure ya mayar mata da ita da gyara bakwai. Na taɓa tambayarta me ya sa ta aure shi duk da haka.

"Na ce a raina, mutumin da ya shagala da ƙirga kuskurena ba zai sami lokacin kallon wata ba."

Ɗansu ɗaya ne, Hazim. Ya girme ni da shekara biyu, tare muka riƙa zamewa a kan ƙarfen matattakala har muka girma. Ya gama karatun kasuwanci, ya yi shekara shida yana sayar da rigunan waya a kan tebur a tashar Raml. Ban taɓa jin ubansa ya zage shi ba. Gyara kawai yake yi masa: yadda ya zauna, yadda ya yi sallama, yadda ya cika takardar neman aiki. Wata rana na ji Hazim ta bangon nan yana cewa, "Baba, ko sau ɗaya ka ji abin da na faɗa mana, ka bar yadda na faɗe shi."

Ranar da ya tafi, takarda ya bari a ƙarƙashin kwalbar sukari. Ustaz ne ya fara ganinta da safe. Idonsa ya faɗa kan hamza da ba ta zauna daidai ba, hannunsa ya kai aljihu, ya gyara. Sai da ya gyara sannan ya karanta. Takardar tana cikin Alƙur'anin Tanti har yau, da ɗan jan zanen a layi na biyu.

Su arba'in da ɗaya ne suka tafi tare. Suka bi ta Sallum, suka ƙetare iyaka, da niyyar samun jirgin ruwa zuwa Turai. Kiran ƙarshe ya zo daga wani rumbu a bakin teku inda dillalai ke tara mutane. Daga nan shiru. Iyaye suka buɗe zaure a babban dandalin sada zumunta na waya da kowa ke ciki, suka ɗora Ustaz a kai saboda shi ya iya tsara magana. Kafin shekara ta zagayo zauren ya kai mutum dubu uku, don ba jirginmu kaɗai ya ɓace ba.

Kamfanin da ke da dandalin ba mutum ya sa ya riƙa karanta mu ba, na'ura ya sa. Ita kuwa ba ta san uwa ba, ba ta san dillali ba. Da ta ga kalmar jirgi, ko gawa, ko kisa, sai ta goge rubutun, ta rufe bakin mai shi na kwana talatin. Wata tsohuwa daga Rashid ta rubuta addu'a ga waɗanda teku ta ci, aka rufe ta. Matasa ne suka gano dabara: a cire ɗigon haruffa gaba ɗaya, kamar rubutun mutanen farko. Na'urar sai ta makance, mu kuwa mu karanta da hasashe. Cikin 'yan watanni kowa ya saba, har gaisuwa ba ɗigo ake yin ta. Ustaz ma ya bi. Na ga yana yi, yana taɓa wayar da ɗan yatsa ɗaya, fuskarsa kamar mai shan magani.

A sanyin shekara ta biyu wani mai suna Mitwalli, da ba wanda ya san shi, ya rubuta layi ɗaya a ƙarƙashin hoton Hazim. Ya ce ya san yaron nan. Sai kalma guda mai harafi uku, sannan "a sansani".

Harafin tsakiya na kalmar ɗan haƙori ne kawai, tsirara. In ka sa masa ɗigo ɗaya a ƙasa, ya zama ƙubila, an karɓe shi. In ka sa biyu a sama, ya zama ƙutila, an kashe shi. Sansanin ma bai raba gardama ba. Inda Turawa ke ajiye waɗanda suka tsira sansani muke ce masa, rumbunan dillalai ma sansani.

Tanti ta bugo ƙofata ba takalmi a ƙafarta.

"Nuha! An karɓe shi! Nuha, 'yata, zo ki gani!"

Na bi ta. Ustaz yana tsaye a tsakiyar falo, ya miƙe hannu da wayar nesa da idonsa.

"Karanta mata, Abu Hazim. Ba kai ne gwanin ba? Ɗaya ne a ƙasa, ko ba haka ba?"

Ya sauke hannun da ke riƙe da wayar.

"Ana iya karanta shi haka."

Ita "haka ne" ta ji. Ta dama jan sharbat, abin shan da ake rabawa ranar murna, ta raba wa bene duka har mai ruwan rake. Shi kuma ya zauna ya rubuta wa Mitwalli, ya roƙe shi ya sake faɗa da wata kalmar. Kafin la'asar sunan Mitwalli ya ɓace daga dandalin, shi da layinsa. An rufe shi ne, ko shi ya tsorata ya gudu, ba mu sani ba. Abin da ya rage hoton layin ne da Tanti ta ɗauka a wayarta.

Daga ranar ta zama mai tsaron wannan dandali. Nan kaɗai Mitwalli ya san hanya, in ji ta, in zai dawo nan zai dawo. Shafin Hazim ma yana nan, da hotonsa a bakin teku yana cin masara gasassa, kuma duk Juma'a tana rubuta masa abin da ta dafa. Idan wani ya yi kasadar tambayarta me ya hana shi kira in dai an karɓe shi, amsoshinta a shirye suke. Suna ƙwace waya a can. Kunya yake ji, bai sami aiki ba tukuna. Amsa ta uku ta mijinta ce shi kaɗai:

"Fushi yake da kai."

Injiniya Rihab ce ta kawo maganar ƙaura. Mace ce mai shekara arba'in da wani abu, tana aikin na'urori a tashar jiragen ruwa, ƙanenta yana cikin arba'in da ɗayan. Ta tara manyan zauren a wani gidan shayi kusa da tashar jirgin ƙasa, ta ɗora wata ƙaramar na'ura a tebur, ba ta fi kwalin dabino ba.

"Wannan gida ne," ta ce. "Namu. A ɗakina zai zauna. Akwai irinsa dubbai a duniya, kowane da masu shi, kuma suna gaisawa da juna kamar maƙwabta ta baranda. Babu kamfani a samanmu."

"Wa zai riƙa karanta mu?" in ji Ustaz.

"Ku."

"Wa zai goge?"

"Wanda kuka zaɓa."

"Kuma in na rubuta gawa?"

"Ka rubuta ta da ɗigonta, ya Ustaz, har da wasali in ka ga dama."

Rihab ta ce a nan ne ta ga idonsa ya kawo ruwa. Suka sa wa gidan suna Marsa, wato matsayar jirgin ruwa, suka ba Ustaz tsaron ƙofa. Duk mai son shiga sai ya cika ɗan gurbi, ya faɗi abin da ya kawo shi, Ustaz ya karanta, ya danna karɓa ko ya danna ƙi. Dokarsa ta farko layi ɗaya ce: a nan ana rubutu da ɗigo.

"Masha Allah," in ji Tanti da ta ji. "Daga mai gyaran jarida an koma mai gadi. Saura ka sayi benci ka zauna a bakin ƙofa."

Wannan ne asalin faɗan da na ji ranar Juma'ar nan.

Ƙaurar ba ta yi daɗi ba. Cikin dubu uku, ɗari huɗu da 'yan kai ne suka biyo. Tsofaffi suka kasa gane me ya sa suna ya zama gaɓa biyu, naka da na gidanku. Hotuna da addu'o'in shekara uku ba su biyo kowa ba, can aka bar su. Wasu suka ce Ustaz ya raba kan masu makoki don yana son mulki. Marsa shiru ne da shi, irin shirun masallaci tsakanin azahar da la'asar. Sai dai wanda ya rubuta cewa ɗansa ya nutse, zai tashi da safe ya tarar da maganarsa tana nan, da amsoshi shida ko bakwai a ƙarƙashinta, duk na mutane.

Ni ban yarda da shi ba. Mutum ba ya barin matarsa ita kaɗai a kango saboda nahawu. Na ce a raina gudu yake yi. Ya san abin da ke kan haƙorin harafin nan, yana tsoron ranar da Mitwalli zai dawo ya faɗa a gaban mutum dubu uku, shi ya sa ya kwashe zauren ya kai inda ba za a same shi ba. Na tare shi a matattakala, yana hawowa da gurasa a kan jarida, na faɗa masa haka ba kwana-kwana.

Bai yi fushi ba. Ya miƙa mini gurasar, ya ciro waya, ya buɗe tsohon zauren. A can sama ya maƙala saƙonsa na ƙarshe, da ɗigo da wasali cif, ko a jikinsa in na'ura ta gani. Adireshin Marsa ne, sai layi biyu: "Zuwa ga wanda ya rubuta mana layi ɗaya a watan Janairu. Ga inda muke. A nan za ka iya gama maganarka."

"Na gina wa mutumin nan gida sukutum don ya sa mini ɗigo, ke kuma kin ce gudu nake," ya ce. "Ba ni gurasata. Kuma ba 'tsoro kake ji da shi' ake cewa ba, 'tsoronsa kake ji'."

Na ji kunya.

Tanti ta yi wata bakwai ita kaɗai a tsohon wurin. Zauren ya cika da tallan dillalai masu alƙawarin jirgi mai inji biyu. Sai wata Juma'a ta manta, ta rubuta wa Hazim cewa kewarsa za ta kashe ta, da ɗigo, kamar yadda uwa ke rubutu. Aka rufe ta kwana talatin. A kwana na huɗu ta shigo wurina da farantin mahshi, ganyen da aka cusa wa shinkafa, ta ajiye wayarta kusa da shi.

"Buɗe mini wannan abin nasu. Kada ki ce masa ni na nema."

"Tanti, shi ne fa mai buɗe ƙofar."

"To ya buɗe. Ba aikinsa ke nan ba?"

A gurbin dalili ta rubuta, "Saboda mijina mai taurin kai ne," ta kuma karkatar da hamza da gangan. Ta bango na ji dariyarsa, irin wadda na manta yana da ita. Ya karɓe ta. Daga nan suka sami sabuwar al'ada. Duk safiya, a kan wake da shayi, sai ta ce, "Mai gadi, wa ya ƙwanƙwasa yau?" Shi kuma ya karanto mata sunaye da garuruwa da dalilai, ɗaya bayan ɗaya, ita tana cewa Allah sarki, Allah ya bayyana. In ya gama ta ce, "Shi ke nan?" Ya ce, "Shi ke nan." Ta ce, "Gobe, in sha Allah."

Ban san ranar da abin ya sauya ba, alamunsa kawai na tsinta. Ya daina yi mata gardama. Ta ce a sake wa ɗakin Hazim fenti, ya kira mai fenti. Ta ce ɗaya ne a ƙasa, sai na ji ya ce, "Ɗaya ne a ƙasa," shi da ya yi shekara biyu yana maƙale da "ana iya karanta shi haka". Na haɗu da shi a gaban sabon shagon kaji da aka rubuta wa allo da kuskure biyu manya, ya wuce bai ɗaga kai ba. Aljihun rigarsa babu komai.

Sai Rihab ta kira ni a waya wata Talata da rana.

"Nuha, ke ce maƙwabciyarsa. Lafiyarsa ƙalau?"

"Me ya faru?"

"Akwai mutum ɗaya a bakin ƙofa yau kwana goma sha ɗaya. Bai karɓe shi ba, bai ƙi shi ba. Ustaz da ba ya barin kowa ya kwana a waje. Ni zan iya buɗewa in karanta, na'urar a ɗakina take, amma na yi alƙawarin ba zan shiga aikinsa ba."

"Yaya sunansa?"

"Mitwalli. Sunan kawai na gani."

Sannan ta ce, da wata murya daban, "In ya san na Hazim, wataƙila ya san na ƙanena. Ki gaya masa ba zan iya jira har abada ba."

Na zauna a kicin ina kallon bangon. Ya bar kamfanin nan ne saboda yana rufe bakin mutane ba tare da ya ji su ba. Ga shi yanzu mabuɗi a hannunsa, ga mutum a tsaye a waje da labarin da iyalai arba'in ke jira, shi kuma yana karanta wa matarsa sunaye yana tsallake ɗaya. Zai ce don ita yake yi, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma na san falon nan. Muddin Hazim yana raye yana fushi, akwai ranar da zai huce, ya kira, uban ya ce masa wani abu ba tare da gyara ba. In kuwa babu shi, abu na ƙarshe da ya shiga tsakaninsu shi ne ɗan jan zanen nan a layi na biyu. Ita ma Tanti ban tabbata ba ta sani ba. Matar da ta yi wata bakwai tana ƙin zuwa inda ake sa ɗigo, me take gudu? Ni kaina da nake ta tonon zukatan mutane, sai da shayina ya huce sau biyu kafin na iya tashi.

Na ƙwanƙwasa. Shi ya buɗe, da jallabiyar zaman gida, tabarau a goshi. Warin sabon fenti ya biyo shi.

"Ustaz, Rihab ta kira ni. Ta ce akwai wani a bakin ƙofa."

Ya dube ni. Bai tambayi wane ne ba.

"Waye, Abu Hazim?" Tanti ta kira daga ciki.

"Nuha ce."

"Ce mata ta shigo ta ga ɗakin! Shuɗi muka yi masa, irin wanda yake so."

"Tana zuwa."

Ya fito, ya jawo ƙofar a bayansa har ta kusa rufewa, bai saki mariƙin ba.

"Ki ce wa Rihab zan tura mata Mitwalli ta wata hanya, ta tambaye shi na ƙanenta. Haƙƙinta ne." Ya rage murya. "Mutumin yana da ladabi. Ya bi doka, ya sa kowane ɗigo a wurinsa."

Ya ɗaga yatsu, ya taɓa iska sau biyu a saman wani harafi da ba ya nan.

"Biyu ne, 'yata, a sama. Shekara talatin da huɗu ban taɓa barin kuskure ya wuce ta gabana ba. Wannan guda ɗaya ki bar mini shi."